Habbanayen Ɓeran Masar

Ku samarin yanzu, da kun shigo gidana kun ga keji a jere, sai ɗaya ya zunguri ɗaya ya ce, "Wai wannan ma sana'a ce? Ciyawa ce fa kawai, ka zuba musu ka tafi yawonka." Ina jin ku sarai, kunnena bai mutu ba tukuna. Na haura shekara talatin ina kiwon ɓeran Masar a nan Tudun Wada. Da shi na yi aure, da shi na yi wa ɗakunan nan rufin kwano. In akwai wanda bai taɓa riƙe shi ba a cikinku, ɗan dabba ne da bai kai zomo girma ba, kunnensa gajere, ba shi da wutsiya, kuma duk da sunan da aka laƙaba masa ba ya shiga rumbun kowa. Tunda kun ce da sauƙi, to ku gyara zama. Wahalar kiwon nan duk a tumbin dabbar take.

Aikin farko da maigidana Baba Maikano ya ba ni shara ce. Mai kula da lambu ne a gidajen ma'aikatan ruwa na Tiga. Kawuna ya kai ni wurinsa ina saurayi don in koyi dashen itatuwa, sai na ɓuge a bayan ɗakinsa, inda yake ajiye dabbobin. Irin nasa ya same shi ne a hannun wani ma'aikaci mutumin Jos da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar masa su. Manya ne, masu faɗin ƙirji, kowanne da launi uku, fari da ja da baƙi, kuma ban taɓa ganin irinsu a wata kasuwa ba. Kullum da safe in na share ƙarƙashin keji, ba ni da izinin zubarwa sai na kawo masa a kasko ya duba.

"Isiyaku, me ka gani?"

"Kashi ne, Baba."

"Ai ban ce tuwo ba ne. Na wanne ne, kuma me yake gaya maka?"

Sai ya sa tsinke yana juyawa. "Wannan dogo, sumul, mai duhu, duk girmansu ɗaya, mai shi lafiyarsa ƙalau. Waɗannan ƙanana busassu, mai su ya rage ci tun jiya, je ka nemo min shi. Wannan da ya caɓe kuma, ciyawa ka ba su da raɓa a jikinta. Ko za ka musa?" Ban musa ba. Ya ce ranar da na ɗaga keji na ga wayam babu kashi, in ajiye duk abin da nake yi, ko da loma ce a hannuna. Akuya takan yini ba ta ci ba ta kwana lafiya. Ɓeran Masar kuwa in ya yini ya kwana bai ci ba, cikinsa tsayawa yake cik, kuma tayar da shi sai an sha wuya.

A wurinsa na fara ganin abin da ya ba ni ƙyama. Wata tsohuwar mace ta lanƙwashe, ta cusa kai tsakanin ƙafafunta na baya, ta ɗago tana tauna. Na bugi kejin na ce, "Ke, ƙazama!" Baba Maikano ya daka min tsawa. Ya ce kashinsu iri biyu ne. Wanda nake sharewa shi ne wanda suka gama da shi. Akwai kuma wani mai taushi da ba ya taɓa ƙasa, daga jikinsu suke karɓarsa su mayar ciki, don ciyawa ba ta sakar musu amfaninta duka a karo ɗaya. "Saniya tana tuƙa ba ka zage ta ba," in ji shi. "Wannan tuƙarsu ke nan. Ka hana su, ka kashe su." Allah ya jiƙan Baba Maikano. Ban taɓa ganin mai haƙurin kallo irinsa ba. Sai ya tsuguna gaban keji ɗaya har inuwa ta bar shi, in ya miƙe kuma ya gaya maka wadda za ta haihu kafin Juma'a.

Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa kuke raina mu. Lauje ne da buhu, da tsintsiya da kasko, sai ɗan turmi da rariya da sirinji marar allura don ranar ciwo. Keji kuwa ƙasansa katako ne, kada ku kuskura ku sa waya, tafin ƙafarsu ba shi da gashi, yankewa yake ya kumbura. Kowane keji ina kifa masa fasasshiyar tukunya a kusurwa, don dabba ce mai tsoro, in ba ta da wurin ɓuya ko ci ba ta yi. Cikin kayan nan duka lauje na fi jin tsoro. Yanzu da kowane manomi yake goye da tankin feshi, ciyawar da ta fi kyau a ido tana iya zama ita ce ajalin kejinka. Ni ba na yanka sai a bakin gonar wanda na sani, kuma sai na tambaye shi baki da baki ko ya yi feshi. Harkiya da kiri-kiri da ganyen dankali nake ba su, bayan na baza sun sha iska. Da rani harawar gyaɗa ce, amma kullum sai an haɗa da ɗanyen abu, ɗan tattasai ko gwaiba ko ganyen zogale. In babu shi, dasashinsu ya riƙa jini, ƙafafu su sandare.

Masu saye kala-kala ne. Akwai 'yan hatsi da suka yi imani kukansa yana korar ɓeran gida daga sito. Ni ban taɓa rantse wa kowa a kan haka ba, amma ban hana su saya ba. Akwai malaman makaranta masu nuna wa ɗalibai, akwai iyayen da yara suka dame su da kuka, akwai direbobin hanyar Jos da tukunya za su kai shi. Wani ya taɓa tasowa tun daga Doguwa yana son guda ɗaya tak, na ce ya yi haƙuri, ba na sayar da ɗaya, kaɗaici kashe shi yake. Ya yi fushi ya tafi, ya je bakin tasha ya dawo ya ɗauki biyu. Kowa kuma kafin ya ɗaga kwalinsa sai na ja masa kunne a kan kafso. Kun san shi, ja da rawayan nan da ake samu a kowane tebur. A ƙasarmu duk mai rai in ya yi laushi shi ake fasa masa a ruwa. Kaza ta sha ta miƙe, akuya ta sha ta miƙe, sai mutum ya ce to wannan ɗan mitsitsin me zai gagara? Shi kuwa guba ce gare shi, zawo yake sa shi har ya mutu.

Shekarar da ta kusa raba ni da sana'ar nan, damina ce mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bango ya jiƙe, harawar da na ajiye ta yi fumfuna, sai ga ciwon ƙirji ya shigo. Atishawa yake farawa da ita, sai majina, sai numfashi da ƙyar. Da yake mutane suna aron namiji daga gida zuwa gida, kafin a farga ya zagaye gari. Kowa ya ruga ya sayo kafso, duk jan kunnen da na yi ya bi ruwa. Wanda ciwo ya bari, magani ya ɗauke. Aka riƙa yi min sallama da mushe a leda, ana cewa na sayar musu da masu cuta. Nawa ban ba su kafso ba, amma ciwon bai raga min ba. Kullum da safe sai na haƙa rami a bayan gida, har aka wayi gari keji duk sun zama kango, saura namiji ɗaya da nake kira Ɗan Tiga, shi ma yana atishawa. A lokacin Baba Maikano ya riga ya rasu, nasa dabbobin sun watse tuni. In Ɗan Tiga ya mutu, irin ya ƙare ke nan. Ni kuma sai in rataye lauje in tafi ƙodago gonakin noman rani, don ba ni da abin da zan nuna wa mai saye in ce wannan sai a wurina.

Na naɗe shi a tsumma na kai shi wurin Malam Nura, malamin dabbobi, matashi ne da bai daɗe da zuwa garinmu ba. Abin da ya burge ni da shi, bai yi min ƙaryar sani ba. Ya ce, "Baba, ni shanu da awaki na fi sabawa da su. Ba ni lokaci in bincika, kada in yi maka ɓarna." Ya buɗe littafinsa, ya buga waya ya tambayi wani na gaba da shi, sannan ya zaɓo maganin da cikin dabbar zai iya ɗauka. Cikin ikon Allah atishawa ta tsaya, hanci ya bushe, numfashi ya daidaita. Na fara murna. Sai na lura ciyawar da na zuba da safe tana nan har yamma. Na ɗaga tukunyarsa na duba ƙasa, wayam. Ya takure a kusurwa, gashi ya tashi, ido a lumshe, in na taɓa cikinsa sai ya riƙa cizon haƙora.

Matata Hanne ta ga na zauna na yi tagumi. Ta ce, "Malam, ko in dama masa ɗan koko da sukari? Ai mai tashi daga ciwo da ruwa-ruwa yake farawa."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka, amma ajiye ludayinki. Mutum ake yi wa haka. Wannan in kika ba shi koko, cikinsa zai kumbura ya zama ganga."

Na sake ɗaukar Ɗan Tiga na koma wurin Malam Nura. Ya ɗora masa abin sauraron ƙirji a ciki, ya daɗe yana saurare, sannan ya miƙo min ya ce in ji da kaina. Shiru, ko motsi babu. Ya ce, "Baba, a cikin tumbinsa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narka masa ciyawa. Magani ya kori cutar, amma ya haɗa da su ya share. Allura ba za ta dawo da su ba. Ka nemo lafiyayye wanda bai taɓa shan magani ba, ka ɗebi kashinsa sabo, da ɗuminsa, ka dama a ruwa ka ɗura wa wannan safe da yamma. Kuma kada ka bar cikinsa ya zauna wofi, ko ba ya so ka ɗura masa ciyawa." Maganar ta zauna min daram, don na tuna tsohuwar macen nan ta Baba Maikano. Matsalar ita ce lafiyayyen. Na zaga Tudun Wada gida-gida, duk wanda ya rage ko yana tari ko an ɗirka masa kafso.

Sai Inna Dije ta faɗo min a rai. Tsohuwar Bafulatana ce mai sayar da nono, kusa da ni take ajiye ƙwaryarta duk ranar da na kai dabbobi kasuwar Dangora. Ta taɓa gaya min surukarta ta zo mata da wasu ƙananan jajaye, suna yawonsu a bukkar girkinta. Rugarsu tana nesa da gari, na san ba mai zuwa aron namiji can. Na bar wa Hanne sirinji da dakakkiyar harawa, na nuna mata yadda za ta yi, na hau babur da sassafe.

Na same ta tana wanke ƙore, ɗanta Ja'e yana kwance maruƙa daga igiya. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi ruwa, ta tambayi hanya, ta sa aka kawo min nono. Sai da na sha sannan ta ce, "Mai ɓera, lafiya da farar safiya?"

Na daɗe ina neman bakin zaren. Da girmana, da gemuna, na yi tafiya mai nisa don in roƙi kashi. Na dai daure na gaya mata komai, tun daga ramukan bayan gida har maganar Malam Nura. Ja'e ya saki igiyar ya riƙe ciki yana dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce, "Me ya ba ka dariya? Kai da hannunka ba ka taɓa zaro tuƙa a bakin lafiyayyar saniya ka tura wa maraƙin da cikinsa ya mutu ba? Malamin nan ya san aikinsa." Ta juyo gare ni. "Sau nawa za a ba shi?"

"Safe da yamma, Inna, kuma sai sabo."

"To daga Tudun Wada za ka riƙa zuwa safe da yamma? Kafin ka kai kwalta ya bushe."

Na ce abin da ya sa nake so ta sayar min da guda ɗaya ke nan, ko nawa ta ce. Nan ne ta ɓata rai. Ta ce wanda dabbobinsa suka ƙare ba a yi masa ciniki, a gidansu ba a taɓa yi ba. Ta shiga bukka, na ji ana guje-guje da 'yan koke-koke, ta fito rungume da wata ja mai sheƙi, gajera, cikinta ɓul-ɓul. Ta ce sunanta Woɗe, sunan da suke ba jar saniya, kuma ita ta fi so a cikinsu duka.

"Ungo. Habbanaye na ba ka."

Ja'e ya ce, "Haba Inna! Habbanaye ai da karsana ake yi. Wa ya taɓa jin habbanayen ɓera?"

Ta ce, "Shi ba shi da shanu. Waɗannan su ne shanunsa."

Kalmar na taɓa jin ta a bakin Fulani, na san dai aron dabba ce da ake ba wanda garkensa ya ƙare. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ban tsaya tambaya ba. Na dai gaya mata gaskiya, cewa gidana gidan cuta ne, Woɗe tana iya kamuwa. Ta ce ta ji, kuma ai ta san hannun da ta ba. Wannan magana ta yi min nauyi fiye da in ta sa min kuɗi.

Da na iso gida ban shigar da Woɗe wurin keji ba. Na roƙi Hanne kusurwar ɗakin girkinta, ta ba ni tana ƙunƙuni. Tsofaffin shimfiɗu duk na ƙone, katako na ƙona shi da tafasasshen ruwa na shanya. In zan taɓa ta sai na wanke hannu na sauya riga, kuma ita nake fara zuba wa ciyawa kafin nawa.

Aikin ɗurar kuwa, ku da kuke cewa da sauƙi, ina ma kun gani. Sai in ɗora Woɗe a kan tsabtataccen buhu in tsuguna ina jira. Mai taushin nan shi ya fi amfani, amma ba ta yarda ta bar min shi, kafin in miƙa hannu ta riga ta lanƙwashe ta ɗauke abinta. In na yi sa'a in samu, in ban yi ba in haƙura da sabon da ta sauke. In murje shi a murfin kwalba da ruwa mai ɗan ɗumi, in zuƙa a sirinji. Hanne tana tsaye daga nesa tana cewa, "Malam, ko da wasa kada murfin nan ya kusanci kwanukana. Kuma wallahi in maƙwabta suka tambaye ni abin da kake yi, cewa zan yi ban sani ba." Sai in naɗe Ɗan Tiga a tsumma, kansa kaɗai a waje, in zaunar da shi a cinyata kan ƙafafunsa. Ba a kwantar da shi rigingine, shaƙewa zai yi. Ta gefen baki ake sa sirinjin, a bayan dogayen haƙoran nan inda akwai fili, a ɗiga kaɗan a jira. In ka ga muƙamuƙi yana motsi, ya haɗiye, sai ka ƙara. In ya riƙe a baki yana kallonka, ka shafa masa maƙogwaro ka ci gaba da jira.

Tsakanin ɗura da ɗura kuma abinci ne. Busasshiyar ciyawa da harawa mai kyau nake dakawa a ɗan turmi, in tankaɗe, in kwaɓa da ruwa, in matse ɗan ruwan tattasai a ciki. Kaɗan-kaɗan, amma a kai a kai, don in ka cika masa ciki lokaci ɗaya ka ƙara masa ciwo. Gona ban je ba, kasuwa ban je ba, masallaci ma da an sallame nake fitowa. Bayan kowane ci in ɗora shi a tafin hannu in riƙa murza masa ciki da babban yatsa a hankali, daga ƙirji zuwa baya. In zuba ruwan ɗumi a kwalba in naɗe a tsumma in jingina masa. In sauke shi ƙasa in riƙa tura shi ya ɗan taka, don tafiya tana motsa hanji. Shi kuwa sai ya yi taku biyu ya tsaya, ya bar ni durƙushe ina lallashi. Ya rame har ƙashin bayansa yana sukar hannu. Akwai yammacin da na ɗaga shi na ji ba nauyi, na ce wa Hanne ina jin gobe sai haƙa rami. Tsoro ya kama ni sosai ranar.

Washegari da na kara kunnena a cikinsa, sai na ji ɗan ƙugi can ciki, siriri. Na kira Hanne na ce ta zo ta ji, ta ce ita ta yafe. Da hantsi na ɗaga tukunya, sai ga wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, ƙanana, a murɗe, ko ƙwayar dawa ba su kai ba. Na kwashe su a kasko na yi ta juyawa da tsinke ina dariya ni kaɗai. Mummunan kashi ne, da a zamanin lafiya na gan shi da hankalina ya tashi, amma ranar ya fi min komai kyau. Na kai wa Malam Nura a ƙunshe a ganye. Ya duba ya ce, "Alhamdu lillahi, hanya ta buɗe. Kada ka daina, Baba, yanzu ne mutane suke sakaci."

Ban daina ba. Da Malam Nura ya tabbatar ƙirjin ya warke sarai, na kawo kejin Woɗe na jingina da nasa, waya a tsakani. Wannan dabara ta fi sirinjina aiki. Ita ba ta da aiki sai ci, baki ba ya hutawa. Yana jin ƙarar taunarta sai ya fito daga tukunya ya matso jikin waya. Ya shinshina wani zaren harkiya, ya ja, ya saki, ya sake ja, sai na ga zaren yana shigewa a hankali har ya ƙare. Da na cire wayar na haɗa su, sai ya riƙa bin ta a baya yana cusa hanci ƙarƙashinta, yana karɓar mai taushin nan da ni na kasa samu. Ta juyo ta hantare shi, ya ja da baya, ya sake komawa. Dabbar da kuke raina wa wayo ta san maganinta sarai. Kashi ya riƙa girma yana miƙewa, har ranar da na share na kasa bambanta nasa da nata sai da girma. Ranar kuma da na gan shi ya lanƙwashe ya ɗauki nasa na kansa, na wanke sirinji na mayar da shi cikin gwangwani.

Ban mayar da Woɗe nan da nan ba, don hanyar rugar ta yanke da ruwa, kuma ina so in tabbatar ba ta ɗauki komai a gidana ba. Kafin ƙasa ta bushe sai na ga Woɗe ta yi faɗi, in na tallafe ta ina jin motsi a gefe da gefe. Ɗan Tiga ya warke har ya wuce inda na zata. Daɗi ya kama ni. Na ce to, ga yadda zan saka wa tsohuwar nan, ta ba ni ɗaya, zan mayar mata da uwa da 'ya'ya a ciki. Ni kuma in ci gaba da neman wata macen a hankali, ko da za a daɗe. Na shimfiɗa ciyawa a kwali, na huda shi, na ɗaure a bayan babur.

Na tarar da su an gama tatsa. Bayan gaisuwa na buɗe kwalin na ce, "Inna, ga amanarki, lafiya lau. Nawa ya tashi, yana ci yana gudu. Kuma ba ita kaɗai ta dawo ba, taɓa ki ji."

Ta ɗauke ta, ta duba ido, ta duba hanci, ta shafa gashin. Ta sa yatsu a cikinta ta ɗan tsaya. Sai na ga fuskarta ta sauya.

"Isiyaku, me na yi maka?"

Ban taɓa jin ta kira sunana ba sai ranar. Na ce, "Subhanallahi, Inna, wani abu ya same ta ne?"

"Habbanaye na ce maka, ko ba ka ji ba? Habbanaye ba ta dawowa da ciki. Abin da ke cikin nan naka ne. A gidanka za ta haihu, ta shayar, ta yaye, sannan uwar ta dawo min ita kaɗai. So kake a ce Dije ta ba da aro don ta ci riba a kan wanda ya yi asara?"

Na dubi Ja'e ko zai yi dariya irin ta wancan karon. Bai yi ba. Ya ce, "Gaskiya ta faɗa, Malam. Haka ake yi. In ka bar ta nan ka kunyata mu."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata, idona kuma ya ciko. Na buɗe baki zan yi godiya, ta ɗaga min hannu. Da kanta ta mayar da Woɗe cikin kwalin, ta yago ɗanyar ciyawa a gindin bukka ta cusa mata, ta tsaya a kaina har na gama ɗaurewa, ta ja igiyar ta ji ko ta yi ƙarfi.

Ta ce, "Ka bi ramukan nan a hankali. Garkenka ne gaba ɗaya a cikin kwalin nan."

Daga rugar har bakin kwalta ban hau babur ɗin ba, tura shi na yi.